Yadda Na Sa Kitikar Kashim Haihuwar Fetur

Akwai wani mutum a garin Gaya, ba zan faɗi sunansa ba don ina ganin girman rawaninsa, wanda ya mai da ni goron hira. Ko a wurin suna ko a zaman makoki, da an ɗan yi shiru sai ya gyara murya ya tambayi jama'a ko sun tuna ranar da Isyaku ya gyara mota. A kwashe da dariya, shi har da share hawaye da gefen rawani. To, mutumin nan macuci ne. Ba ƙarya yake yi mini ba, da ƙarya ce da na yafe masa. Labarin yake yanke wa wutsiya, wutsiyar nan kuwa tasa ce. Na ce ba zan faɗi sunansa ba, kuma ba zan faɗa ba. Iyaka dai gidansa yana kallon marina, jakinsa guntun kunne gare shi, rumbunansa uku. Ku riƙe maganar rumbun nan, za mu dawo kanta.

Ni ne Isyakun. Sana'ata gyaran keke da fitila da kwaɗo, da keken ɗinki in ya yi gardama. Ba wanda ya koya mini, ni na koya wa kaina, shi ya sa in abu ya lalace ba ni da malamin da zan zaga. Rumfata tana jingine da katangar Maigida Kashim, Babarbare mai sayen gyaɗa, shekara shida ina cin inuwar nan. Na je yaƙin Bama, wannan kowa ya sani. Mutanen Gaya sun ɗauka makanikin soja ne ni, don haka na gaya musu. Gaskiyar magana gangunan fetur nake mirginawa daga bakin jirgi zuwa kan tudu, shekara biyu cur. Amma wanda ya mirgina ganga dubu ai ya san fetur.

A shekara ta bakwai da dawowarmu gyaɗa ta yi albarka, Kashim ya sayo wata koriyar mota kitika a hannun wani Kwara, Balaraben kanti, a Kano, gaba wurin zaman mutum uku, baya katako na ɗaukar buhu. Ya ɗauki direba, Datti, wani dogon Bafulatanin Balan mai furfura, wanda maganarsa ke fita kamar ana tatsarta.

Motar lafiyarta lau, sai aibi guda. A gaban direba akwai wani ɗan madubi da allura a ciki, tana tsakanin haruffan boko biyu. In ta kwanta hagu, ba mai. In ta je dama, tanki cike. Tun da motar ta zo allurar nan take kwance a hagu kamar marar lafiya, ko an ɗura garwa huɗu ba ta ɗaga kai. Datti ko a jikinsa. Yana da wata sandar geza da ya yi wa tsaga huɗu, kowace tsaga garwa ɗaya. Kullum da safe ya buɗe tanki ya zura ta, ya zaro ya duba, ya sunsuna, ya ce a tafi.

Da haka za a zauna har a tashi duniya, ba don wani malamin ofis mai tabarau ba. Ya leƙa motar a gaban manoma, ya karanta allurar da ƙarfi don a san ya iya, ya ce ai motar Maigida ba ko ɗigon mai. Manoma suka kalli juna. Mai sayen gyaɗa da motarsa ke shelar babu, wa zai kai masa buhunsa? Kashim ya kwana uku ba ya amsa gaisuwa sosai. A rana ta huɗu ya ce za a mai da motar Kano, makanikan kamfani su duba.

A nan bakina ya buɗe. Ni dai ina ɗaure sarkar keke, sai na ji murya irin tawa tana cewa Kano me, ga wanda ya gyara tankar yaƙi da hannu ɗaya ana ruwan harsashi. Na ce makanikan kamfani yaran yaranmu ne. Na ce abin kunya ne a ce motar babban mutum ana auna cikinta da sanda kamar rijiyar ƙauye. Datti yana tsugune yana goge fitilar mota, bai ɗago ba.

Kashim ya dube ni ya daɗe. Ya ce yayarsa, Ya Falmata, wadda ta tafi Makka a ƙasa shekara bakwai ke nan, ta aiko tana hanya, nan da kwana biyar za ta sauka Gaya. So yake ya kai ta gidanta a Ajingi cikin mota, ranar kasuwa, kowa ya gani.

"In allurar nan ta faɗi gaskiya har muka sauke ta a ƙofar gida," in ji shi, "makullin mota naka ne, Datti ya koma Balan ya yi noma. In ta ba ni kunya, ka kwashe rumfarka daga jikin katangata."

Na ce masa ya fara neman wa Datti fartanya.

Washegari da hantsi rabin unguwa ta taru. Na sa aka ɗaga katako biyu na bayan mota, tanki ya bayyana, da wani ɗan murfi a samansa mai noti shida. Na naɗe hannun riga, na sa sigari a baki kamar yadda na ga Turawan soja na yi, na zaro ashana. Kafin in ƙyasta, wurin ya zama ba kowa. Mai tallan fura ta bar ƙwaryarta, liman ya bar takalmi ɗaya. Datti kaɗai ya tsaya, ya miƙo dogon hannun nan ya zare ashanar daga yatsuna ya sa a aljihu. Na ce da ma gwada shi nake yi.

Da murfin ya fito, sai ga asirin gaba ɗaya. Wata waya ce mai tsawon kamu guda, a ƙarshenta ƙwallon tagulla, tushenta kuma yana juyawa a jikin murfin. Na girgiza ƙwallon na ji mai na ƙara a ciki, ashe ya huje ya nutse. Na juya ga jama'a, waɗanda suka fara dawowa ɗaya-ɗaya, na yi musu bayani. Kun ga gorar masunta a kogin Wudil? Ruwa ya hau ta hau, ruwa ya sauka ta sauka. To, haka ƙwallon nan yake iyo a kan mai, yana ɗaga waya, waya tana gaya wa allura. Wannan bayani daidai ne, har gobe daidai ne, a rubuta mini shi a gefen alheri.

Ina cikin nuni da hannu, noti ɗaya ya suɓuce ya faɗa tanki. Na ce ƙaramin abu, na zura hannu har gwiwa na lalubo shi. Hannu ya shiga da salama, fita ta gagara. Na ja, na murɗa, na zagi wanda ya ƙera motar da kakansa. Wani ya ce a kira maƙeri, wani ya ce wanzami ya fi sauri. Ina durƙushe a bayan mota rana na dukana, sai ga matata Barira ta aiko da ƙoƙon yauƙin kuɓewa, da saƙon cewa da shi ta fid da kan akuya daga tulu bara, kuma akuyar ba ta yi surutu kamar haka ba. Aka shafa, hannu ya fito, fata ta saura.

Maimakon ƙwallon da ya huje, na karɓo ɗan duman da Barira ke zuba barkono, na toshe bakinsa da ƙaro. Don in ji daɗin ɗaure shi, na zare wayar daga tushenta gaba ɗaya. Da na zo mayarwa, sai na ga ramin yana karɓarta ta fuska biyu, ta nan ta shiga, ta can ma ta shiga. Na zaɓi wadda ta fi kusa da hannuna.

Datti ya ce, "Malam Isyaku, ba ta nan ta fito ba."

Na tambaye shi ko da saniya aka yi yaƙin Bama. Na ce kowa ya tsaya inda Allah ya ajiye shi, mai sanda ya riƙe sanda, mai ilimi ya riƙe waya. Jama'a suka yi dariya, ni kuwa dariyar jama'a ita ce giyata.

Yanzu ga inda ƙaddara ta yi mini kwanton ɓauna. A ranar, sandar Datti ta nuna tsaga biyu, wato tanki rabi daidai. Na mai da murfi, aka murɗa makulli, allura ta yi miƙa kamar mai tashi daga barci, ta tsaya kusa da tsakiya. Na sake buɗewa na ɗan lanƙwasa wayar, na rufe, ta tsaya tsakiya cak. Wanda ke tsakiyar hanya ai ba a sanin inda ya dosa. Kashim ya rungume ni duk da yauƙin. Ni kuma, da yake ba na iya cin nasara in yi shiru, na karɓi sandar Datti na karya ta a gwiwa, na aika wa Barira ta hura wuta. Na ce daga yau wanda ya sake zura itace a tankin nan ya zagi ilimi, Kashim ya ce haka ne.

Datti ya dubi guntayen ya ce sandar nan ba ta yi boko ba, amma ba ta taɓa yi masa ƙarya ba. Ba wanda ya saurare shi.

Kashegari muka tafi Balan ɗauko gyaɗa, sawu uku. Ina zaune tsakanin Datti da Kashim, don in fara sabawa da gaba. A sawu na ƙarshe Kashim ya zungure ni ya nuna madubi. Allura ta bar tsakiya, ta gusa dama. Ya tambaye ni yaya aka yi mota ta yi tafiyar yini mai ya ƙaru.

Mai hankali da ya ce bari a duba. Ni kuwa ban taɓa barin tambaya ta kwana ba. Na ce ai wannan sanannen abu ne a Bama. Fetur kamar ƙullun waina yake, in ya sami ɗumi da jijjiga sai ya tashi, ƙwallon tagulla ne ke danne shi, kamfani suka sa shi da gangan don a yi ta sayen mai. Duma kuwa ɗan ƙasa ne, ba ya cin amana. Ina faɗa ina jin daɗin maganar, kafin mu iso Gaya ni kaina na yarda da ita.

Rana ta uku aka je Wudil aka dawo, allura ta ƙara hawa. Kafin la'asar labari ya gama gari, motar Kashim tana haihuwar mai. Manoman da suka kai gyaɗarsu wani wuri suka dawo da jakunansu. Tsofaffi suna zuwa suna shafa ƙofar motar su shafa a fuska. Mata suka cika gidana suna roƙon Barira irin duman nan, ita kuwa ta ce musu ita dai barkononta bai taɓa ƙaruwa a cikinsa ba.

To, a yammacin nan ne mai rawanin da na ce ba zan faɗi sunansa ba ya zo rumfata, da zakara a hammata. Ya ja ni bayan katanga, ya waiga hagu ya waiga dama, ya ce shi mutum ne mai iyali, gero ba ya kai shi damina. Ko zan taimaka in sa masa irin na motar a rumbu? Na ce aikin rumbu ya fi na mota wuya, amma don shi zan gwada. Na karɓi zakara. Na bi shi gida ta ƙofar baya, na hau rumbun tsakiya, na rataya ɗan duma a jikin wayar keke, na karya tsinke na kafa a matsayin allura. Ya tambaye ni ko rumbu ma sai an jijjiga shi. Na ce sau biyu a rana, safe da yamma. Wannan wurin ne ba ya faɗa a wurin suna.

Rana ta biyar Ya Falmata ta sauka. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce, baƙa, busasshiya kamar kilishi, tafin ƙafarta ya fi tayar kitika kauri. Aka shimfiɗa mata tabarma a zaure, ana ta zuwa gaishe ta da karɓar dabino. Kashim ya gabatar da ni a matsayin mutumin da ya sa mota haihuwa. Ta dube ni sama da ƙasa, ta ce ta ratsa ƙasashe da yawa, ta ga raƙumi ya haihu a kan hanya, ta ga mace ta haihu a jirgin ruwa, amma duk sai da aka ga ciki tukuna.

Ana cikin haka Datti ya kasa daurewa. Shi ya san garwa biyu ba ta kai mutum Balan sau uku da Wudil da dawowa ta bar abin kirki. Bai yi shawara da kowa ba, ya ɗauko garwa ɗaya daga ɗakin ajiya ya juye a tanki. Ya murɗa makulli don ya gani. Allura ta sauko.

Yara suka kai labari zaure, muka fito da gudu. Kashim ya duba madubi ya dafe kai. Na yi kan Datti kamar zan cinye shi. Na ce hassada ce, ya ga makulli zai bar hannunsa ya zuba man kamfani don ya kashe albarka, kamar mai zuba ruwan sanyi a ƙullu. Datti ya ce shi dai mai ya zuba a tankin mai. Na ce to a fitar da shi a gani. Aka kawo tiyo, na zura, na kafa baki na zuƙa da dukan zuciyata. Fetur ya zo da dukan tasa. Na haɗiye abin da na haɗiye, sauran ya bi ta hanci. Mai ya fara zuba a garwa, wani yana leƙen madubi yana ba da labari, tana hawa, tana hawa. Garwa ta cika, jama'a suka ce a ƙara don a wanke dattin, aka kawo tasa aka ƙara. Allura ta kusa taɓa harafin dama. Aka yi kabbara.

Ni kuwa ina durƙushe da tiyo a hannu, ina kallon mai na fita allura na hawa, sai maganar Datti ta dawo mini, ba ta nan ta fito ba. Na gane sarai. Wayar nan a juye na sa ta, duk abin da tanki ya faɗa, allura kishiyarsa take faɗa. Na buɗe baki zan yi magana, sai na ga Kashim yana nuna ni da alfahari, ga mai rawani yana gyaɗa mini kai. Abin da ya fito daga bakina gyatsa ce. Barira ta hana ni zuwa kusa da murhu har kwana biyu.

Na ƙudura da sassafe in je in juya wayar kafin kowa ya fito. Na tarar an riga ni. An loda akwatunan Hajiya a kan katakon nan biyu, da buhun dabino, da gwangwanayen zamzam, an ɗaure da igiya, dattawan rakiya shida sun hau sun zauna a kai, mai rawani a tsakiyarsu. Na koma dabara ta biyu, na ɗauko garwar jiya na ce a tafi da ita ko za a yi wa wani kyauta a hanya. Kashim ya ce man nan mai kashe albarka ba zai hau mota ɗaya da zamzam ba, ai ni na faɗa. Na ce na faɗa. Na ajiye ta a zaure kamar mai ajiye ɗansa.

Hajiya ta zauna gaba tare da ƙanenta da Datti, ni na tsaya a kan matakin ƙofa na riƙe ƙarfe, kaina a taga, idona a madubi. Ban taɓa roƙon Allah ya rage wa wani arziki ba sai ran nan. Kowane yashi muka shiga, injin ya yi gurnani, allura ta ƙara matsawa dama, dattawa a baya su tambaya, Kashim ya ɗaga murya ya ce tana hawa, su ce madalla. Na ce wa Datti ya riƙa kashe inji a gangare don kada man ya yi yawa ya fasa tanki. Ya ce tsakanin Gaya da Ajingi shi bai san gangare ba. Na ce ya yanke ta gonaki. Ya ce motar Maigida ba akuya ba ce. Hajiya ta tambaye ni me ya sa nake gumi alhali iska na kaɗa ni, na ce murna ce.

Muka hango tsamiyoyin Ajingi, na fara sa rai. Kasuwa ta cika ta batse, dangin Hajiya sun fito bakin gari da makaɗa, mata na guɗa, labarin mota mai haihuwa kuma ya riga mu isowa, har masu awo sun bar mudu sun taho. Saura kamar jifa uku mu kai ƙofar gidan, daidai inda ake ɗaure jakunan 'yan kasuwa, allura ta taɓa harafin dama ta jingina da shi. Kashim ya leƙa ta taga ya sanar da jama'a tanki ya cika fal. Motar ta yi tari sau biyu, ta yi atishawa, ta shuɗe kamu goma ba sauti, ta tsaya a tsakiyar jakuna.

Makaɗa suka ci gaba da kiɗa, sun ɗauka isowa ke nan. Datti ya murɗa, ya sake murɗawa. Aka fito da hannun tayarwa, ƙarti uku suka juya har suka gaji. Kalangu ya yi shiru ɗaya bayan ɗaya.

Na diro na ce kowa ya kwantar da hankali, ƙoshi ne ya yi mata yawa ta ƙware, kamar jariri, sai an rage. Ban san abin da nake fata ba, wataƙila ƙasa ta tsage. Na zura tiyo na zuƙa. Tanki ya amsa da wani dogon fito, irin na iska a bakin tulun da ba komai. Na sake zuƙa, ya sake fito. Wani jaki ya amsa masa.

Datti ya sauko a hankali, ya je jikin dangar wani gida ya zare kara guda, ya fige ganyen. Bai dube ni ba. Ya zura shi har ya taɓa ƙasan tanki, aka ji ƙwas. Ya zaro ya miƙa wa Kashim da hannu biyu. Kashim ya shafa, ya sunsuna, ya miƙa wa yayarsa. Karan nan a bushe yake kamar ranar da aka yanke shi. Daga hannunta ya wuce hannun dattawa, daga nan ya shiga kasuwa, ina jin har yau yana yawo.

Hajiya ta tattara mayafinta ta sauko. Ta ce wa Kashim kada ya damu, ƙafar da ta kai ta Makka ta dawo da ita ba za ta gaza a ƙofar gida ba. Sannan ta juyo gare ni.

"Ɗana, Allah ya yi maka albarka," in ji ta. "Amma don Allah kada ka gyara mini tulun ruwa."

Wanda ya fara fashewa da dariya, daga can saman akwatuna, mai rawani ne. Shi da ya jijjiga rumbu da safen nan kafin ya fito.

Hajiya ta shiga gida a ƙasa, makaɗa na binta, dattawa na ɗauke da akwatuna a ka. Kashim bai zage ni ba, da ma ya zaga. Ya ce garwar nan tana zaure inda na ajiye ta, in je in kawo, in kuma na dawo Gaya kada rana ta sake fitowa ta sami rumfata a jikin katangarsa. Na roƙi mai rawani ya rubuta wa gidansa su ara mini jakin, ya ce jakinsa ba ya ɗaukar abin da ke kashe albarka. Na taka zuwa Gaya, na ɗauro garwa a bayan keken wani da aka kawo gyara, na turo shi cikin yashi har Ajingi. Datti ya juye, ya murɗa makulli, allura ta sauko, mota ta tashi.

Yanzu rumfata tana bayan mahauta, inda inuwa ke zuwa bayan la'asar in ta ga dama. Datti ya yanko sabuwar sanda. Amma ga abin da ba a faɗa. Bai taɓa bari an juya wayar nan ba. Ya ce allurar tana da amfani, in ta ce cike sai ya nemi garwa, in ta ce babu sai ya kama hanya, shekara uku ba ta taɓa saɓa masa ba. Ya ce haka ya daɗe yana yi da maganata, bai taɓa yin asara ba. Wato dai na gyara ta, karatun ne sai an iya.

Ni na faɗi nawa, ban rage ko noti ba. Mai rawani in ya ce ƙarya nake, a tara mutanen marina a je a ɗaga murfin rumbun tsakiya, duman yana nan rataye, don har yau bai yarda ya cire ba, wai ko da rabon. Kai kuma mai karatu da kake washe baki, a ce kana Gaya makon nan, ka ga da idonka mota ta je Wudil ta dawo mai ya ƙaru, ga Barira na da sauran duma ɗaya a rataye. Ka dafa ƙirji ka ce da ba ka biyo ni bayan katanga da zakara a hammata ba. Ka musa, in ka isa.